Jirgin Hambali da Surukar Sarkin Ruwa

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, irin waɗanda gara ta ci gefensu ta bar mana tsakiya, cewa an yi wani birni a kan tsibiri ana ce masa Murjani. Birni ne mai arziki, amma ƙasarsa dutse ce da gishiri, ko yakuwa ba ta fitowa. Hatsin da za a ci da itacen da za a dafa shi duk a jirgin ruwa ake kawo su daga gaɓa, kuma mashigi ɗaya tak jiragen ke bi su shigo. Sarkin birnin sunansa Nafi'u, mutum ne mai son ya ji ƙarshen magana kafin ya yanke hukunci.

Aka ce wata shekara Sarki Jalalu na Birnin Ƙirmizi, can a gaɓa, ya aiko wa Sarki Nafi'u dabino cike da akushin kakansa. Aka ci dabino, aka yi godiya, aka ba manzo tukuici, amma akushi bai koma ba. Da Jalalu ya aiko a karɓo, sai matan fada suka ce ai akushin ya tafi aro gidan biki, daga can kuma an ara wa wani gidan, har aka rasa inda ya kwana. Jalalu ya ce raini ne. Ni dai na karanta dalilan yaƙi da yawa, kuma in gaskiya za a faɗa, wannan bai fi sauran wauta ba.

Sai Jalalu ya tara jiragen yaƙi, ya ɗora musu igwa, ya damƙa su a hannun Sarkin Ruwansa, wani jarumi mai suna Ukasha. Ya ce masa ya je ya toshe mashigin Murjani, kada ƙwayar gero ta shiga, kada sanda ta shiga, sai an fito da akushi. Ukasha ya jera jiragensa a bakin mashigi, ya haɗa su da sarƙoƙi, ya bar 'yar ƙofa a tsakiya wadda igwa ke kallo ta dama da hagu. Ba a jima ba yunwa ta sauka a Murjani, mutane suka fara cire ƙyauren ɗakunansu suna dafa ɗan abin da ya rage.

Wazirin Murjani, wanda ake kira Hashimu, ya ce a bar masa maganar. Ya sa aka rina jirgi da shuni don ya saje da ruwa, aka kama shi. Ya sa aka naɗe filafilan tuƙi da tsumma don kada a ji motsinsu, aka kama wannan ma. Daga ƙarshe ya sa aka lulluɓe wani jirgin da ciyawar teku don a zaci tsibiri ne. Mutanen Ukasha suka tsaya suna kallon tsibiri yana tafiya da kansa har ya iso gabansu, suka ɗaure shi da igiya. Tun daga nan in Waziri ya wuce kasuwa sai ka ji ana tari, shi kuwa ya san ba mura ake yi ba.

To, a cikin birnin akwai wani falke mai jirgi ɗaya, sunansa Hambali, mutum shiru-shiru wanda ko akuya ba ta tsoronsa. Matarsa Hansatu 'yar wata tsohuwa ce da ake kira Iya Abarta. An sa wa tsohuwar wannan suna ne domin 'ya'yan da uwarta ta haifa kafin ita duk sun koma, sai aka roƙi mutuwa a bar wannan. Mutuwa ta ji, ta bar ta, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake iya taɓa ta. 'Ya'yanta mata biyu ne. Hambali ya auri babbar. Autar kuwa, tun kafin a yi rigimar akushi, Sarkin Ruwa Ukasha ne ya aure ta ya kai ta garinsu a gaɓa.

Mutanen wancan zamani ba su wasa da kunyar suruka. Mutum ba ya haɗa ido da ita, ba ya cin abinci a gabanta, ba ya faɗin sunanta ko da a mafarki, in kuwa ya hango ta a hanya sai ya nemi wata hanyar, ko da ta cikin ƙaya ce. Sarakuna ne kawai ba su san wannan ciwo ba, domin su surukansu ne ke faɗuwa su gaishe su.

Aka ce wata safiya Hansatu ta sami mijinta a zaure ta ce, "Maigida, Iya ta ce cikin Auta ya tsufa, kuma haihuwar fari a ɗakin uwa ake yi. Ta ce ka shirya jirgi za ta je ta ɗauko ta."

Hambali ya ce, "Hansatu, kin gaya mata akwai igwa a mashigi?"

"Na gaya mata."

"Me ta ce?"

"Ta ce igwar ce ta haifa mata 'yar?"

Hambali ya auna mutuwa a teku, ya auna aika wa suruka da a'a, ya ga ta teku ta fi sauƙi. Ya yi sallama da maƙwabta, ya yafe wa kowa, ya tara matuƙansa. Da hantsi, rana ta fito sarai, jirginsa ya nufi mashigi. Iya Abarta ta ce cikin jirgi yana sa ta jiri, don haka ta shimfiɗa tabarma a can goshin jirgi, ta fito da audugarta da mazari ta kama kaɗi. Hambali kuwa ya shige ƙasan jirgi ya ja murfi, ba don tsoron igwa ba.

Ukasha na tsaye a babban jirginsa aka ce masa ga wani mahaukaci nan tafe da rana kata. Ya ɗora madubin hangen nesa a ido. Madubin nan kuwa ya ɗauko masa surukarsa ya ajiye ta dab da hancinsa, har ya ga kamar sun yi ido huɗu. Jarumin da ya ƙona jiragen sarakuna ya saki madubi ya faɗa ruwa, ya tuɓe takalma, ya durƙusa a bayan igwa ya sunkuyar da kai.

Masu igwa suka ce, "Ranka ya daɗe, a harba?"

Ukasha ya ƙara dunƙulewa a bayan igwa. Da mayaƙa suka ga shugabansu a durƙushe, sai suka ɗauka wata sabuwar dabarar yaƙi ce, su ma suka tuɓe takalma suka durƙusa, jirgi bayan jirgi. Jirgin Hambali ya ratsa ta tsakiyarsu. Iya Abarta ba ta ɗaga kai daga kaɗinta ba, ta dai ce wa iska, "Sannunku da aiki, mutanen jirgi." Daga bayan igwa wata 'yar murya ta amsa, "Barka da hantsi, an zo lafiya?"

Haka aka fita, haka kuma aka dawo, Auta na kwance a ciki, tsohuwa na goshin jirgi. Da yake Hambali falke ne ko a bakin kabari, sai da ya cika jirginsa da gero da dawa a kasuwar gaɓa har ruwa ya kusa taɓa bakinsa. Itace ne kawai bai sami wuri ba. Amma duk tsawon tafiyar nan bai sa ko loma a baki ba, domin duk inda ya ɓuya da ƙwarya sai ya ji tarin surukarsa kusa. Ya sauka a Murjani ido ya faɗa, wuya ya yi tsawo, yana tangaɗi a kan buhunan hatsi.

Gari ya ɗauki guɗa, aka dafa tuwo, yara suka yi barci da cikakken ciki. Mutum ɗaya ne tuwon bai wuce masa ba, shi ne Waziri Hashimu. Ya sa dogarai suka kamo Hambali suka gurfanar da shi gaban Sarki, aka kira hauni, mai sare kan masu laifi, ya tsaya a gefe da takobinsa.

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in ka yarda in ba da wani labari kafin in yi ƙara."

Sarki ya ce, "Muna ji, Waziri."

Waziri ya ce, "An yi wani mai fito a wani kogi da kadoji suka yi wa yawa. Duk wanda ya sa kwalekwale sai sun kifar da shi, amma shi wannan kullum sai ya haye lafiya, har mutane suka ce waliyyi ne. Ashe duk hayewa sai ya zura ƙafa ya tura akuyar wani fasinja cikin ruwa, ya ce tsalle ta yi. Ana nan, awakin garin suka ƙare. Ran nan ya ɗauko mutane ba akuya, kadoji suka taso suka kewaye shi suna jiran abin da suka saba. Allah ya ba ka nasara, daga ranar mutane ne suka fara tsalle. Abin da nake nufi, duk wanda ya ratsa ta gaban buɗaɗɗen baki ba a cije shi ba, to ya jefa wani abu a ciki. Ni na rina jirgi, na naɗe filafilai, na yi tsibiri, duk aka kama. Wannan ya wuce da rana tsaka, har ana durƙusa masa. Me ya ba su in ba asirin garinmu ba? A dubi yadda ya rame a cikin jirgi cike da hatsi. Cin amana ne ke cin sa."

Sarki ya sa aka tambayi matuƙa abin da suka gani. Suka ce ba su ga komai ba sai wata tsohuwa tana kaɗi. Waziri ya daka musu tsawa ya ce ana maganar yaƙi suna kawo zancen tsofaffi, aka kore su waje.

Sarki ya juya ya ce, "Kai Hambali, ka ciyar da garina, ba na son jininka. Tambaya ɗaya zan yi maka. Mene ne ya rufe bakin igwa ya durƙusar da mayaƙa? In ka faɗa, ka tafi gida. In ka ƙi, maganar Waziri ta tabbata, hauni kuwa ga shi nan."

Hambali ya san in ya buɗe baki, za a ce a kirawo surukarsa fada, ta tsaya gaban maza ana yi mata tambayoyi, gari kuma ya ɗauka cewa ya yi garkuwa da uwar matarsa a gaban igwa. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, bakina ba zai iya ɗaukar wannan amsa ba. Amma ni ma ina da labari, ko Allah zai sa a gane."

Sarki ya ce, "Kawo."

Hambali ya ce, "An yi wani barde wanda ya taɓa kama zaki da hannu. Wata rana ya sha fararen kaya zai tafi ɗaurin aure, ya shiga wani lungu matsattse a bayan marina. Yana tsakiyar lungu sai ya hango wani mutum tafe. Dama katanga, hagu katanga, in ya juya kuma an riga an gan shi. Sai ya ga rijiyar rini cike da ruwan baba a gefensa, ya yi bismilla ya faɗa ciki da fararen kayansa, ya nutse har wanda ke tafe ya wuce. Ya je ɗaurin aure shuɗi tun daga rawani har takalmi, kuma ba wanda ya yi masa dariya, domin duk wanda ke wurin ya taɓa shiga irin wannan lungu."

Sarki ya gyara zama ya ce, "To, wa ya hango?"

Hambali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, daidai nan bakina ke tsayawa."

Fadawa suka sunkuyar da kai, wasu tsofaffi a cikinsu suna ta cizon leɓe, domin sun fara jin ƙanshin maganar, amma wa zai ambaci suruka a gaban Sarki? Sarki ya yi ta juya labarin bai gane ba. Waziri ya ce aljani ne barden ya gani, kuma wannan ya nuna har da tsafi a cikin laifin.

Sarki ya ce, "Ba na kashe mutum a kan abin da ban gane ba. Hambali zai sake fita ta mashigi, kai kuma Waziri za ka shiga jirgin ka zama idona. In ka ga cin amana, hauni na jira. In ba ka gani ba, ka dawo ka gaya mini abin da ka gani."

Waziri ya buɗe baki zai ce yana da ciwon ƙafa, Sarki ya riga ya tashi.

Hambali ya koma gida yana jan ƙafa. Ya san in babu tsohuwa a goshin jirgi, igwa za ta yi magana, kuma ba shi da bakin da zai roƙe ta. Yana shiga zaure ya ji guɗa a cikin gida. Hansatu ta fito da murna ta ce, "Maigida, Auta ta sauka, an sami namiji. Amma Iya ranta a ɓace yake. Babu ko sanda a garin nan da za a dafa ruwan wankan jego, kuma itacen wanka a kan uban jariri yake. Ta ce ka shirya jirgi, za ta je ta ji ko shi mijin Auta ya manta al'ada ne."

Aka ce Hambali bai taɓa jin saƙon surukarsa ya yi masa daɗi ba sai ranar, har ya zauna a dakali ya yi hawaye.

Washegari jirgi ya fita, mutanen gari suka hau ganuwa suna hange. Ba a ji ƙarar igwa ba. Can da la'asar sai aka ga jirgin yana dawowa, a bayansa ƙananan jirage a jere, kowanne shaƙe da itace. Waziri ya shigo fada rawani a warware, sulken da ya sa a ƙarƙashin riga yana ƙara, ya zube gaban Sarki. Aka shigo da Hambali a bayansa, hauni ya gyara tsayuwa.

Sarki ya ce, "Waziri, me idona ya gani?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, idonka ya ga abin da ba ya cikin littattafan yaƙi. Da muka tashi, na nemi Hambali in sa masa ido, na tarar ya shige ƙasan jirgi. Na fito na ga tsohuwar nan da matuƙa suka faɗa zaune a goshin jirgi. Na ce mata, 'Iya, koma ciki, nan wurin mutuwa ne.' Ta dube ni ta ce, 'Kai ne mai tsibirin nan?' Sai na bar ta.

"Da muka kusa mashigi na ga abin da ban zata ba. Ashe labarin wucewar farko ya kai wa Sarki Jalalu, ya taso da kansa, ga shi tsaye a babban jirgi, Sarkin Ruwa Ukasha na gefensa. Kowane mai igwa ya kunna wutarsa ya riƙe, kalma ɗaya suke jira daga bakin Ukasha. Mun matso har ina jin maganarsu. Ukasha ya hango goshin jirginmu, ya fara durƙusawa, Jalalu ya riƙe masa wuyan riga ya ce, 'Tsaya! Wace ce waccan da kake durƙusa mata?'

"Ukasha ya ce, 'Ranka ya daɗe, babba ce.'

"Jalalu ya ce, 'Wace babba? Sarauniya ce?'

"Ya ce, 'Ta gida ce, ranka ya daɗe.'

"Jalalu ya zare takobi ya ɗora masa a wuya ya ce, 'Sunanta na tambaye ka. Ka faɗe shi da ƙarfi kowa ya ji, ko in raba ka da kanka.'

"Allah ya ba ka nasara, na ga mutum yana shan azaba a tsaye. Ya rufe ido, ya cika ƙirji da iska, ya kwatsa ihu da muryar da yake ba da umarnin yaƙi, 'Abarta!'

"Mai igwar farko ya ji Sarkin Ruwa ya ce a bar ta, ya tsoma wutarsa a ruwa ya juya ya gaya wa na kusa, 'An ce a bar ta!' Magana ta bi jirage kamar wutar kara, a bar ta, a bar ta, har wasu masu ƙwazo suka kwara ruwa a cikin albarushi don kada a yi kuskure. Jalalu na ihu yana cewa a harba, amma masu igwa muryar Sarkin Ruwa kaɗai suka sani. Shi kuwa Ukasha, da ya ji abin da bakinsa ya aikata, sai ya toshe shi da hannu biyu ya yi tsalle cikin teku, ya maƙale a bayan jirgi, hancinsa kawai ake gani.

"Tsohuwa ta naɗe audugarta ta ce a ɗora ta a babban jirgi. Aka ɗora ta. Ta durƙusa ta gaida Jalalu yadda ake gaida sarakuna, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, sa'an nan ta ce, 'Allah ya ba ka nasara, kai ne uban gidan yaron nan mijin 'yata?'

"Jalalu ya ce shi ne.

"Ta ce, 'To matarsa ta haihu, ɗa namiji, ga ta can kwance ba a dafa mata ruwan wanka ba, ba a dama mata kunun kanwa ba, saboda wani ya toshe hanyar itace. Ni ban san wane ne ba. Na dai ce bari in zo in gaya wa babba, domin ɗan baranka jikanka ne, kuma in jego ya lalace, ba sunan yaron za a kira a gari ba, naka za a kira.'

"Allah ya ba ka nasara, Jalalu bai san kunyar suruka ba, amma ya san ta uwa. Takobin hannunsa ya rasa inda zai sa shi. Ya ce, 'Wallahi Iya, ba a gaya mini ba.' Ya juya ya ce a ba ta itace. Aka ce masa, 'Ranka ya daɗe, a teku muke.' Tsohuwa ta miƙe ta ƙwanƙwasa ginshiƙin da ke riƙe da zanen jirgi da mazarinta ta ce, 'Wannan fa, ƙarfe ne? Busasshe ne ma, zai ci wuta.'

"Aka kawo gatari. Ana cikin sara ta ce ba 'yarta kaɗai ta haihu a Murjani ba tun da aka rufe mashigi, ta shiga lissafa masu jego unguwa-unguwa, kuma ba ta yarda a yi wa ɗaya a bar ɗaya ba. Kafin rana ta karkata, babu jirgin yaƙin da ke da ginshiƙi, sun zama ƙorai kawai a kan ruwa. Daga bayan jirgi muka ji muryar Ukasha cikin ruwa yana cewa a ƙara da filafilai, kuma a gaya wa mutanen gida rago na tafe. Jalalu ya ce a kwance sarƙoƙi, domin zai shigo suna da kansa, kuma ba a zuwa suna da igwa. Abin da na gani ke nan. Cin amana kuwa ban gan shi ba, Hambali ma ban gan shi ba sai da muka dawo."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Da ya natsu sai ya dubi Hambali ya daɗe, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Yanzu na gane wanda barde ya hango a lungu. Amma Hambali, kalma ɗaya ce tsakaninka da takobi. Da ka bari na kashe ka a kanta?"

Hambali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wuyan nawa ne, ina iya bayarwa. Mutuncinta ba nawa ba ne."

Sarki ya ji kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, domin ya ga saura kaɗan ya sare mutumin da ya fi kowa amana a garinsa. Ya ce, "Ku shaida, na naɗa Hambali shugaban jiragen Murjani duka. Kuma ku riƙe wannan. Ba shuni ne ya cece mu ba, ba tsibirin Waziri ba. Abin da ya cece mu shi ne maƙiyinmu mai kunya ne. In za ku yi addu'a, ku roƙi Allah ko faɗa zai haɗa ku da mutum, ya haɗa ku da wanda yake da wadda yake durƙusa mata. Hambali, roƙi abin da kake so."

Hambali ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a ba ni tuwo, a kuma ba ni ɗaki mai ƙyaure in ci."

Aka aika a kawo. Sai hauni, wanda tun safe yake tsaye ba wanda ya sallame shi, ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, maganar sare kan nan fa?"

Sarki ya ɗaga hannu ya ce da ƙarfi, "A bar ta!"

Kafin a ƙifta ido, sabon shugaban jiragen Murjani ya watsar da takalma, ya faɗa bayan hauni ya durƙusa, kansa a ƙasa, yana cewa, "Barka da yamma, an zo lafiya?" Sai da dogarai suka rantse masa cewa ba kowa a ƙofa sa'an nan ya ɗago.

Masu ruwaya sun ce ranar suna sarakunan biyu sun zauna a tabarma ɗaya, aka kawo musu tuwo a wani tsohon akushi da aka aro daga maƙwabta. Jalalu ya dube shi ya gane kayan kakansa, ya cinye tuwon, ya sa akushi a hammata ya tafi gida. Ukasha da Hambali kuwa a bayan gida suka ci nasu, a tsugune, suna leƙen hanya. Iyakar abin da gara ta bar mana a littafin ke nan, Allah ya sa mu cikin masu kunya.